Ajiye Ƙarfin Iska Cikin Haidirojin: Bayani Domin Malamai

1. Gabatarwa

Manomi ya san damina ba ta zama kullum, saboda haka ya gina rumbu. Abin da ya girbe da kaka shi ya ke ci da rani da bazara, har sabon hatsi ya nuna. Masu samar da wutar lantarki daga iska su ma irin wannan matsala ce ta same su, sai dai tasu ta fi tsanani. Iska ta kan kaɗa da tsakar dare sa'ad da kowa ke barci, ta kwanta da magariba sa'ad da kowane gida ke neman haske. Lantarki kuwa ba ya zama cikin waya ya jira mai shi. Yadda a ke samar da shi haka a ke shansa nan take, in kuwa babu mai sha sai a tsai da injin, ƙarfin iskar ya wuce a banza.

Cikin dabarun da aka yi na gina wa iska rumbu akwai wadda aka shekara fiye da 120 ana juya ta. Ita ce a ɗauki lantarkin da ya yi rara a raba ruwa da shi, a fitar da wani gas mai suna haidirojin, a ajiye shi, ran da iska ta kwanta a ƙone shi ko a mai da shi lantarki. Nufin wannan takarda shi ne ta bayyana wa malaman kwalejojin horon malamai, da sauran ma'abota nazarin Hausa, yadda a ke wannan aiki, da inda aka gwada shi, da irin Hausar da za ta iya ɗaukarsa a aji. Akwai magana guda da ya kamata mai karatu ya riƙe tun daga nan: a wannan sha'ani haidirojin rumbu ne, ba gona ba ne. Ba ya ba da ƙarfin da ba a zuba masa ba, kuma in ka zuba dami goma, uku za ka kwasa, in an yi sa'a huɗu.

2. Daidaita kalmomi

Kalmomi uku ne ke iya rikita ɗalibi, watau iska, da makamashi, da ruwa.

Kalmar iska ta ɗauki kaya da yawa a Hausa. Ita ce mai kaɗawa ta karya reshe, ita ce mu ke shaƙa, ita ce a ke hura wa tayar keke, jam'inta kuma, watau iskoki, ya tafi wajen bori ya zauna. Da ilmin kimiyya ya zo sai aka ƙara mata wani kayan, har ana cewa iskar gas da iskar oksijin. In muka bi wannan hanya, kan maganarmu zai zama "samar da iska daga iska", ɗalibi kuwa ba zai ɗauki kome ba. Saboda haka a nan iska na nufin mai kaɗawa kaɗai. Wadda ta cika sarari za mu kira ta iskar sarari. Sauran kuwa za mu ce musu gas. Kalmar aro ce, amma ta riga ta zauna a bakin masu girki da masu walda.

Makamashi asalinsa abin da a ke hura wuta da shi ne, kamar itace da kara da gawayi. Yanzu 'yan jarida sun faɗaɗa shi ya haɗiye har hasken rana. A nan za mu bar shi a ma'anarsa ta asali, watau abin ƙonawa, abin da ke fita daga cikinsa ya yi aiki kuma mu kira shi ƙarfi. Ma'aunin tsananin aikin inji shi ne kilowat, kilowat dubu kuma megawat ɗaya ke nan. In injin kilowat ɗaya ya yi aiki awa ɗaya, ya ba da abin da masu sayen wuta ta mita ke kira yunit ɗaya.

Ruwa kuma ya kan nufi wanda mu ke sha, ya kan kuma nufi duk abin da ke gudana, kamar ruwan dalma. In aka ce "ruwan haidirojin" ɗalibi zai zaci wani irin abin sha ne. Gara a ce haidirojin ruwa-ruwa.

3. Halin iska

Injin iska na zamani farfela ce mai fukafukai uku bisa doguwar hasumiya. Iska ta juya farfelar, farfelar ta juya janareta, janareta ya ba da lantarki. Ƙarfin da ke cikin iska ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da saurinta. In saurin ya ninka sau biyu, ƙarfin sai ya ninka sau takwas, domin biyu sau biyu sau biyu ne. Watau iskar da ke gudun mita 10 a daƙiƙa tana ɗauke da ƙarfin mai gudun mita 5 har sau takwas. Wani Bajamushe mai suna Albert Betz ya nuna da lissafi, wajen 1920, cewa babu farfelar da za ta iya tatsar fiye da kashi 59 cikin 100 na wannan ƙarfi, domin in ta tsai da iskar ɗungum, ta bayan ba za ta sami hanyar wucewa ba.

Yawancin injuna ba su fara aiki sai iska ta kai mita 3 ko 4 a daƙiƙa, in kuma ta wuce wajen mita 25 a kan tsai da su don kada su karye. Abin da wannan ya haifar shi ne, kaso mai yawa na lantarkin shekara a kan same shi cikin ranakun da iska ta yi ƙarfi, sa'an nan a sami kwanaki a jere injin na tsaye. Rara da rashi su na bin juna, kuma ba mai injin ke zaɓen lokacinsu ba.

4. Raba ruwa

Ruwa haɗin abu biyu ne, haidirojin da oksijin. Henry Cavendish na Ingila shi ne a 1766 ya bambance haidirojin da sauran ire-iren gas, sa'an nan a 1783 Lavoisier na Faransa ya tabbatar cewa in aka ƙone shi ruwa a ke samu. A 1800 William Nicholson da Anthony Carlisle suka yi aikin ta baya a London. Suka tsoma wayoyi biyu na batir cikin ruwa, suka ga kumfa na tashi a bakin kowace waya, haidirojin a ɗaya, oksijin a ɗayar.

Har yau na'urar raba ruwa a kan wannan ƙa'ida ta ke. Farantan ƙarfe biyu cikin ruwa, da shamaki tsakaninsu don kada gas ɗin nan biyu su gauraya. Tsabtataccen ruwa ba ya barin lantarki ya ratsa shi sosai, saboda haka a tsohuwar na'ura a kan narka masa wani sinadari mai kaifi, ɗan'uwan ruwan tokar da mata ke dafa sabulu da shi. Akwai kuma sabuwa wadda ke aiki da wani fallen roba marar kauri wanda ke barin ƙwayar haidirojin kaɗai ta ratsa. Wannan ta fi tsada, amma ta fi iya bin hawa da saukar lantarki cikin daƙiƙoƙi, shi ya sa ta fi jituwa da iska. Tsohuwar, in lantarki ya yi ƙasa ƙwarai, gas ɗin ya kan ɗan tsallaka shamaki, wannan kuwa haɗari ne kamar yadda za mu gani.

Ga lissafin da ya kamata malami ya haddace. Lita 9 ta ruwa ta kan ba da kilo 1 na haidirojin da kilo 8 na oksijin. Fitar da wannan kilo ɗaya ya kan ci yunit 50 zuwa 55 na lantarki. Amma ƙarfin da za a samu in an ƙone shi wajen yunit 33 ne. Sauran ya tafi, yawancinsa ya zama zafi. Tun a ƙofar rumbu ke nan an yi hasarar wajen sulusi.

5. Makarantar Askov

Wurin da ya fi cancanta a fara labarin wannan dabara shi ne wani ƙauye mai suna Askov a kudancin Yutland, cikin ƙasar Danmak. Akwai makarantar manya a can, irin wadda 'ya'yan manoma ke zuwa su ƙaro ilmi in aikin gona ya yi sauƙi. A 1878 wani masanin yanayi mai suna Poul la Cour ya zo ya zama malami a wurin. Danmak ba ta da kwal, ba ta da manyan koguna masu gangara, amma Allah ya hore mata iska. La Cour ya ga samari na barin ƙauyuka su na tafiya birane inda injuna su ke, ya ƙudura cewa lantarki ya kamata ya je wa manomi har gida.

A 1891 gwamnati ta ba shi kuɗi ya gina injin iska na gwaji kusa da makarantar. Matsala ta farko ita ce iska ba ta juya janareta da sauri ɗaya. Ya ƙera wata na'ura mai bel da nauyi rataye wadda ke daidaita juyin, ya sa mata suna kratostat. Matsala ta biyu ita ce ajiya. Baturan dalma na zamanin sun yi tsada, saboda haka ya juya ga raba ruwa, ya samo na'urar daga wani Ba'italiye mai suna Pompeo Garuti. Ana tara haidirojin a tanki ɗaya, oksijin a wani, a ja su da bututu zuwa ɗakunan makaranta.

Harshen wutar haidirojin kusan ba ya ganuwa, don haka ba ya haskaka ɗaki da kansa. Dabarar ita ce a haɗa gas ɗin biyu a bakin fitila, a auna harshen wutar ga wani ɗan dunƙule mai jure zafi, shi kuma ya yi jawur har ya koma fari fat ya ba da haske. Da irin wannan fitila aka haskaka makarantar daga 1895 zuwa 1902. An ruwaito cewa ba sau ɗaya ba aka sake gilasan tagogi, domin in oksijin kaɗan ya shiga cikin haidirojin, sai abin ya fashe. Daga 1902 aka koma ga fitilun lantarki da batura, injin ya zama tashar wutar ƙauyen.

Aikin la Cour bai tsaya nan ba. Gwaje-gwajensa sun nuna cewa farfela mai fukafukai kaɗan da ke juyi da sauri ta fi mai fukafukai da yawa kyau wajen samar da lantarki. A 1904 ya fara koyar da samarin ƙauye aikin lantarki. Cikin ɗalibansa akwai Johannes Juul, wanda a 1957 ya gina injin Gedser mai fukafukai uku da ƙarfin kilowat 200, wanda a ke ɗauka kakan injunan yau. La Cour ya rasu a 1908. Ginin da ya yi a 1897 yana nan, an mai da shi gidan tarihi. A 2023 fiye da rabin lantarkin da aka samar a Danmak daga iska ya fito.

6. Hanyoyin ajiya

Wuyar haidirojin ita ce rashin nauyinsa. Kilo ɗaya nasa yana ɗauke da ƙarfin da ya kusa ninka na kilo ɗaya na fetur sau uku, amma ya fi iskar sarari rashin nauyi wajen sau 14, har kilo ɗayan nan sai ya cika wuri mai mita 11 murabba'i uku, watau kamar ƙaramin ɗaki. Duk dabarun ajiya ƙoƙari ne na rage wannan girma.

Hanya ta farko ita ce matsewa. A kan tura shi cikin tukwanen ƙarfe da matsi ninki 200 na matsin iskar sarari, a motoci ma har ninki 700. Tayar ƙaramar mota ba ta wuce ninki biyu ko uku ba. A matsi na 700, mita ɗaya murabba'i uku ya kan ɗauki wajen kilo 40. Ƙwayar haidirojin ita ce mafi ƙanƙanta, ta kan sulale ta kafar da wani gas ba zai bi ba, ta kan kuma shige cikin jikin wasu ire-iren ƙarfe ta sa su gautsi. Yana kama wuta in ya kai kashi 4 cikin 100 na iskar ɗaki, har zuwa kashi 75, ga shi ba wari ba launi. Saboda haka ɗakin ajiya dole ya sami mafita ta sama, domin sama ya ke tashi.

Hanya ta biyu ita ce sanyayawa har ya zama ruwa-ruwa. Wannan ba ya yiwuwa sai sanyi ya kai digiri 253 ƙasa da sifiri. A nan mita ɗaya murabba'i uku ya kan ɗauki kilo 71, amma sanyayawar ta kan cinye wajen kashi 30 cikin 100 na ƙarfin da ke cikinsa, kuma kullum kaɗan na tururi yana fita. Wannan hanya ce masanin nan na Ingila J. B. S. Haldane ya hango a wata lacca da ya yi a Kambirij a 1923. Ya ce wata rana za a jera injunan iska na ƙarfe ko'ina a ƙasarsu, a raba ruwa da rarar lantarkinsu, a ajiye gas ɗin ruwa-ruwa cikin manyan tankuna a ƙarƙashin ƙasa.

Hanya ta uku ita ce kogon gishiri. Inda a ke da dutsen gishiri mai kauri can ƙarƙashin ƙasa, a kan haƙa rijiya, a tura ruwa ya narkar da gishirin, a zuƙe ruwan, sai a bar kogo. Gishiri ba ya barin gas ya ratsa shi. A Teesside, arewa maso gabashin Ingila, an fara ajiye haidirojin haka tun farkon shekarun 1970, a Clemens Dome ta jihar Teksas a Amurka kuma tun 1983. Masana'antu ne suka gina waɗannan koguna domin haidirojin da ba daga iska ya fito ba, amma sun nuna abin mai yiwuwa ne. Ita ce hanya mafi araha ga ajiya mai yawa, sai dai ba kowace ƙasa ke da irin wannan gishiri ba.

Hanya ta huɗu ita ce a haɗa shi da naitirojin na iskar sarari ya zama amoniya, wadda ke zama ruwa-ruwa a digiri 33 ƙasa da sifiri kawai, jiragen ruwa kuma sun saba ɗaukarta.

7. Lissafin hasara

Ran da iska ta kwanta, a kan mai da haidirojin lantarki ta hanya biyu. Ko a ƙone shi cikin inji, ko a tura shi cikin wani irin batir mai shan haidirojin, inda zai sake haɗuwa da oksijin ba tare da harshen wuta ba. Aikin na'urar raba ruwa ne aka juya: gas ya shiga, lantarki da ruwa su fito. Irin wannan batir ya kan mai da wajen rabin ƙarfin, watau yunit 16 ko 17 daga kilo ɗaya.

To, mu bi yunit 100 daga farfela. Bayan raba ruwa saura wajen 65. Bayan matsewa saura wajen 60. Bayan mayarwa saura 30 zuwa 35. Batirin lithiyam irin na zamani kuwa ya kan mai da 85 zuwa 90. Ɗalibi mai hankali zai tambaya, to me ya sa a ke wahala da haidirojin?

Amsar tana wajen tsawon ajiya. Wanda ke son batir ya riƙe wutar kwana goma a maimakon ta kwana ɗaya, dole ya sayi batura ninki goma. Mai haidirojin kuwa na'urarsa ɗaya ce, tanki ko kogo kawai zai ƙara, gas ɗin kuma ya na iya zama watanni. Saboda haka batir ya fi dacewa da ajiyar safe zuwa dare, haidirojin da ta mako zuwa mako ko ta damina zuwa rani. Har wa yau, in lantarkin da ma zubar da shi za a yi, sulusin da aka tsira da shi riba ne. Da babu gara ba daɗi.

8. Gwaji a tsibirai biyu

Tsibirai su ne suka fi jin wannan matsala, domin wayar da ta haɗa su da babbar ƙasa siririya ce. A 2004 kamfanin Norsk Hydro da na Enercon suka kafa gwaji a Utsira, wani ɗan tsibiri a yammacin Norwe mai mutane wajen 200. Injunan iska biyu ne, kowane mai kilowat 600, da na'urar raba ruwa, da tanki mai matsi ninki 200, da inji mai ƙona haidirojin, da batir mai shansa. Gidaje goma aka ɗora a kai, tankin kuma an auna shi ya riƙe su kwana biyu zuwa uku ba iska. Gidajen sun sami wuta, amma batirin mai shan haidirojin bai yi ƙarko ba, lissafi kuma ya nuna tankin ya yi kaɗan ga doguwar kwanciyar iska. Bayan 'yan shekaru aka rufe gwajin.

A tsibiran Orkney na arewacin Sikotilan matsalar ta rara ce. Su kan samar da lantarki a shekara fiye da wanda su ke sha, waya kuma ba ta iya kwashewa, har a kan tilasta wa injin iska mai kilowat 900 na jama'ar tsibirin Eday tsayawa alhali iska na kaɗawa. A 2017 aka fara raba ruwa a Eday da wannan rara, tare da lantarkin da a ke samu daga igiyar teku, a ɗora tukwanen gas ɗin a jirgin fito zuwa tashar Kirkwall, inda aka mai da shi lantarki domin jiragen da ke tsaye a tasha. Abin lura shi ne a nan an fara da rara, sa'an nan aka nemi rumbu.

9. Inda abin ya fi amfani

Tun da mayarwa zuwa lantarki ita ke cinye rabi, masana da yawa na ganin gara a yi aiki da haidirojin ɗin kansa. Duniya na amfani da fiye da tan miliyan 90 nasa a shekara, galibi wajen tace mai da yin taki. Kusan dukansa daga gas ɗin ƙasa da kwal a ke fitar da shi, hanyar da ke sakin hayaƙin da ke ɗumama duniya. A 2023 wanda aka samar ta hanya mai tsabta bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Maye gurbin wancan shi ne aiki na farko. A 2013 Jami'ar Minnesota ta Amurka ta buɗe wata 'yar masana'anta a garin Morris inda injin iska ke raba ruwa a yi amoniya ta taki. A 2021 kuma a Suwidin aka fitar da ƙarfen da aka tace da haidirojin a maimakon kwal.

Ta wannan ƙofa ce maganar ta shafe mu. Takin yuriya da manomi ke zuba wa masara daga amoniya a ke yinsa, masana'antun da ke kusa da Fatakwal da ta Lekki a Legas kuwa daga gas ɗin ƙasa su ke ciro haidirojin ɗinsu. Iskar Nijeriya ba mai ƙarfi ba ce in aka gwada da ta Danmak, ta fi kyau a can arewa da kan tudun Jos. Injuna 37 da aka kafa a Lambar Rimi ta Jihar Katsina an tsara su kan megawat 10, domin a tura wutar ga jama'a kai tsaye. Haka ya dace, domin inda lantarki bai ishi gidaje da asibitoci ba, babu rarar da za a zuba a rumbu mai cin kashi biyu cikin uku. Ga kuma batun ruwa: lita 9 ɗin nan ta lissafi ce, in aka haɗa da tacewa da sanyaya na'ura ta kan ninka.

10. Sunan gas ɗin

Sunan da Lavoisier da abokansa suka ba shi daga Girkanci ne, ma'anarsa mai haifar da ruwa. Jamusawa suka fassara shi, suka ce Wasserstoff, watau kayan ruwa. Larabawa suka ari sunan yadda ya ke. Mutanen Danmak suka bi wata hanya dabam. A 1814 masaninsu Hans Christian Ørsted, wanda daga baya a 1820 ya gano dangantakar lantarki da maganaɗisu, ya ƙera brint daga kalmarsu ta ƙonewa, da ilt domin oksijin daga kalmarsu ta wuta. Har yau da su su ke magana. Manoman Askov sun koyi wannan ilmi da harshen gidansu.

Hausa na iya cewa "mahaifin ruwa", ginin kalmar ba shi da aibu. Amma a ganina aro ya fi a nan. Ørsted ya yi ƙirarsa sa'ad da ilmin ke sabo, ɗalibanmu kuwa za su tarar da harafin H a kowane littafi da kowace jarrabawa, ga shi mun riga mun ga nauyin da kalmar ruwa ke ɗauke da shi. Abin da ya wajaba shi ne aron ya bi ƙa'idar Hausa. A raba baƙaƙen d da r da wasali, kamar yadda aka yi a direba, a rubuta haidirojin. A ba shi jinsin namiji kamar fetur da kananzir da sauran kalmomin aro masu ƙarewa da baƙi, a kuma yi masa nasaba da ɗin. Aikatau kuwa ba mu bukatar aro ko ɗaya: raba, matse, sanyaya, ajiye, ƙone, mayar, duk namu ne, kuma su ne ke ɗauke da bayanin.

11. Gwaji domin aji

Malami na iya nuna wa ɗalibai tushen wannan duka da kayan da ba su fi ƙarfinsa ba. A sami ƙaramin batir mai bolt 9, da fensir biyu da aka fiƙe kowane ta baki biyu, da waya, da kofin gilashi. A narka 'yar kanwa cikin ruwa a tace. Kada a sa gishiri, domin shi ya kan fitar da wani gas mai guba. A haɗa bakin sama na kowane fensir da ƙafa ɗaya ta batir, a tsoma na ƙasa cikin ruwan ba tare da sun taɓa juna ba. Kumfa zai tashi a duka biyu, amma na gefen da ke da alamar ragewa ya fi yawa, shi ne haidirojin. A ƙa'ida ninki biyu ne, da fensir kuwa ya kan ɗara, domin wani sashe na oksijin ya kan narke cikin ruwan. A yi gwajin kusa da taga, nesa da wuta.

In an gama, sai a tambayi ɗalibai daga ina ƙarfin da ke cikin kumfan nan ya fito. Wanda ya ce daga ruwa, a nuna masa batirin da ya yi sanyi. Sa'an nan a sa su rubuta abin da suka gani da Hausa, a tattara kalmomin da suka zaɓa da kansu. Sashen Hausa zai yi murna da samun irin waɗannan rubuce-rubuce daga kwalejoji, domin a gwada su da shawarwarin da aka kawo a nan kafin a tsai da magana.